Kwana Uku a Bakin Kogin Batang Lupar: Yadda Miji da Mata Za Su Ziyarci Simanggang da Dogon Gidan Iban

Hausawa da yawa sun yi shekaru a Malesiya, wasu karatu ya kai su, wasu kasuwanci, amma akasarinsu har su dawo gida ba su taɓa tsallaka teku zuwa tsibirin Borneo ba. Abin yana damuna, domin jirgin sama daga Kuala Lumpur zuwa Kuching, babban birnin jihar Sarawak, bai cika awa 2 ba. Daga Kuching kuwa tafiyar kusan kilomita 190 ce a mota zuwa Simanggang, ƙaramin gari a gaɓar kogin Batang Lupar, a tsakiyar ƙasar Iban, ƙabilar da ta fi kowace yawa a Sarawak, kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen jihar. Ni da maiɗakina mun yi wannan tafiya, kuma ga yadda zan tsara wa duk ma'auratan da ke da kwana uku ko huɗu a hannu.

Ku fara da duban wata

Kafin tikiti, kafin masauki, ku duba kwanan watan Musulunci. Dalili shi ne abin da mutanen garin ke kira benak. Bakin Batang Lupar a wajen teku yana da faɗi ƙwarai, ga shi ba zurfi, sai ya riƙa tsukewa yayin da ake shigowa cikin ƙasa, kamar mazurari. Idan teku ta ciko, ruwanta yakan matsu a wannan mazurarin, ya tashi ya zama igiya guda, ta juyo tana hawa kogin, tana tura ruwan da ke gangarowa baya. Kullum tana zuwa, sau biyu, amma a yawancin ranaku ba ta da wani girma. Ƙarfinta yana bin wata: tana cika a kwanakin farko bayan tsayuwar wata, wajen 1 zuwa 3, da kuma bayan wata ya cika, wajen 15 zuwa 17. Bahaushen da ya saba lissafin azumi da salla ba ya bukatar wani ya koya masa wannan. Ku sa daren da za ku kwana a Simanggang ya faɗo cikin waɗannan ranaku.

Sai yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya fi tsanani, koguna kan cika su yi ja. Daga Afrilu zuwa Satumba an fi samun sarari, ko da yake a can babu watan da ba a ruwa. Ranakun 1 da 2 ga Yuni su ne Gawai Dayak, bikin gama girbin shinkafa, wanda aka fara yi a hukumance a 1965. A lokacin duk ɗan da ke birni yana komawa gida, ana ta kiɗa da rawa, amma motoci kan cika, kuma giya tana yawa sosai a wajen bikin. Ga ma'auratan da ke zuwa karon farko, na fi son su zo a ranakun da ba biki, lokacin da mutanen gida ke da sukunin zama da baƙo.

Takardu

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma wanda ya taso daga ƙasashenmu ana neman katin rigakafin cutar shawara a hannunsa. Akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin isowa. Abin da mutane ke mantawa shi ne Sarawak tana da nata ikon shige da fice tun shigarta tarayyar Malesiya a 1963, saboda haka ko daga Kuala Lumpur kuka taso, za a duba fasfo a Kuching a buga muku hatimi dabam. Ku dubi adadin kwanakin da aka rubuta. Ɗalibi ya riƙe katinsa na makaranta, kuma ku sa kwafin takardar aurenku cikin jaka.

Neman ɗan jagora tun daga Kuching

Simanggang kuna iya zuwa da kanku. Dogon gida kuwa, inda iyalan Iban da yawa ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, ba a faɗa masa haka kawai. Gidan mutane ne, kuma baƙo yana shiga ne da gayyata. Idan kuna da aboki ɗan Iban a makaranta ko wajen aiki, shi ne mafi alheri. In babu, a Kuching akwai kamfanonin yawon buɗe ido masu lasisi da ke da yarjejeniya da gidajen da ke kan kogunan Lemanak da Skrang da yankin Batang Ai. Ku ce a ɗauke ku daga Simanggang a safiya ta uku, kuma a rubuta muku abin da kuɗin ya ƙunsa: mota, man kwale-kwale, abinci, da rabon da ke shiga hannun mutanen gidan. Wannan na ƙarshe ku tambaye shi da baki. Kamfanin da ya kasa ba ku amsa a kai, ku nemi wani.

A wannan zaman ne kuma za ku faɗi abin da ba ku ci da abin da ba ku sha, da inda kuke so ku kwana. Kada ku bari sai an ajiye muku kwano a gaba. Ku tambayi ƙofa nawa ce a gidan, zan faɗi amfanin hakan nan gaba.

Idan kun sauka Kuching da sauran rana, ku ba gidan tarihi na Borneo Cultures Museum awa biyu. An buɗe shi a 2022, kuma abin da kuka gani a can zai sa ku gane abin da za ku tarar a kogi.

Hanyar Simanggang

Motocin safa suna tashi daga tashar Kuching Sentral, kusa da filin jirgi. Tafiyar wajen awa 3 ce. Kada sunan ya rikita ku: a tikiti da allunan hanya za ku fi ganin Sri Aman. Gari ɗaya ne. Wanda zai ɗauki hayar mota ya tuƙa da kansa ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi. Ana tsayawa a Serian, inda akwai kasuwar kayan lambu da na daji, ko a Lachau, ɗan jerin shaguna a bakin titi. Ku ciri kuɗi a hannu kafin ku bar Simanggang, domin a kogi ba mai karɓar kati.

Garin ƙarami ne, da ƙafa ake zaga shi. Shagunan 'yan asalin Sin a jere, unguwannin Malay a bakin ruwa da masallacinsu, Iban kuma suna shigowa daga ƙauyuka da kayan gona. Abincin halal ba ya wahala, ku nemi rumfunan Malay. Abu ɗaya da zai ba Bahaushe mamaki: alƙibla a can tana wajen yamma ne, ta ɗan karkata arewa. A yawancin masaukai akwai kibiya a silin da aka rubuta wa Kiblat. Ku bi ta, kada sabo ya juya ku gabas.

Gidan katako a kan tudu

Da kun ajiye kaya, ku tambayi mai masauki ƙarfe nawa benak za ta iso yau, sannan ku hau zuwa Fort Alice. Sansani ne na katakon belian, icce mai taurin da gara ba ta iya masa, an gina shi a 1864 a kan tudun da ke kallon kogi. A lokacin Sarawak tana hannun wani gidan Turawan Ingila, zuriyar Brooke, waɗanda suka yi sarauta daga 1841 zuwa 1946. Charles Brooke ne ya kafa sansanin, daga baya aka sa masa sunan matarsa. An gyara ginin aka sake buɗe shi a 2015 a matsayin gidan tarihi.

Ku tsaya ta taga ku kalli ruwa, za ku gane dalilin zaɓen wurin: duk jirgin yaƙin Iban da zai gangara teku sai ya bi ta ƙarƙashin bindigogin nan. Turawa sun kira su 'yan fashin teku. Iban kuwa suna tuna Rentap, jarumin da ya kafa tunga a dutsen Sadok, ya kori rundunar Brooke a 1857 da 1858, sai a karo na uku a 1861 aka ci wurin, kuma ko a nan bai miƙa wuya ba, janyewa ya yi cikin daji. Takensa har yau yana bakin mutane: agi idup, agi ngelaban, wato muddin da rai, ana fafatawa. Ku riƙe sunan nan, domin da dare a dogon gida, ambatonsa kaɗai yakan buɗe bakin tsofaffi.

Ba nisa da nan akwai Rumah Sri Aman, gidan da aka sa hannu a kan sulhu a Oktoban 1973 tsakanin babban ministan Sarawak na lokacin, Abdul Rahman Ya'kub, da Bong Kee Chok, jagoran 'yan tawayen kwaminis. Daga wannan sulhun aka sauya wa garin suna zuwa Sri Aman, kalmar aman ɗin nan kuwa ita ce dai aminci da muka sani daga Larabci. A 2019 aka mayar wa garin sunansa na asali, yankin ya ci gaba da amsa Sri Aman.

Jiran benak

Ku isa bakin ruwa da rabin awa kafin lokacin da aka faɗa muku, domin takan riga ko ta makara. Akwai dandalin kallo da aka gina saboda ita. Abin da na fi tunawa shi ne shirun da ya riga ta. Kogin ya janye, taɓo ya fito a gaɓa biyu yana ƙyalli, ruwan yana gangarawa a hankali, launinsa kamar kunun kanwa. Sai maiɗakina ta kama hannuna ta ce in saurara. Ƙara ce daga nesa kamar ta iskar da ke gaban hadari. Can sai ga farin layi ya ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tahowa, yana dukan taɓo yana watsawa. Cikin 'yan mintuna ya wuce mu, kuma kogin da muka gani yana tafiya teku ya juya yana komawa inda ya fito, ɗauke da itatuwa da ganyaye.

Ku kalla daga sama. Kada ku sauka kan taɓo, kada ku sa ƙafa a ruwa. Batang Lupar kogin kadoji ne manya, kuma a yankin ne aka yi Bujang Senang, kadan da ya addabi mutane shekara da shekaru kafin a kashe shi a 1992, tsawonsa ya kusa mita 6.

Hawa kogi

Da safe mota za ta kai ku wajen Lubok Antu, tafiyar awa ɗaya da wani abu, zuwa mashigar kwale-kwale. Idan ta Batang Ai kuka bi, za ku fara ratsa tafkin madatsar ruwan da aka kammala a 1985 don samar da lantarki. Yana da kyau a ido, amma ku sani a ƙarƙashinsa akwai gonaki da tsoffin matsugunan mutanen Iban, su kusan 3,000, da aka tasa. Wasu daga cikin waɗanda za su karɓe ku 'ya'yansu ne.

Kwale-kwalen dogo ne siriri, da inji a baya, mutum ɗaya a kowane layi. Ku sa rigar kariya, ku zauna a tsakiya, kada ku riƙe gefen jirgi da yatsu a waje saboda duwatsu. Waya da fasfo a ƙulle cikin leda biyu. Uwargida ta sa dogon wando a ƙarƙashin zani ko doguwar riga, da hijabi gajere wanda ba zai sha ruwa ya yi nauyi ba. Takalmin roba mai kama ƙafa ya fi silifas, domin in ruwa ya yi ƙasa za a ce ku sauka a ja jirgi a kan tsakuwa. Ku tafi da maganin shafawa na sauro, tocila, da zanin wanka.

Shiga dogon gida

Da harshensu rumah panjai. Ku ɗauka ƙauye ne guda aka jera shi ƙarƙashin rufi ɗaya, a kan dirkoki. Kowane iyali yana da nasa ɗaki, bilek, da ƙofarsa da murhunsa. Duk ƙofofin suna buɗewa ne cikin wata doguwar rumfa, ruai, wadda ita ce zaure, ita ce dandali, ita ce wajen shari'a da biki da zaman makoki. A waje akwai tanju, dandamalin da ake shanya shinkafa da masoro. Shugaban gidan shi ne tuai rumah, kamar mai unguwa, kuma da sunansa ake kiran gidan. Da yawa daga gidajen yanzu na siminti ne da kwano, da talabijin da fanka. Kada wannan ya sa ku ji kamar an rage muku wani abu, tsarin zaman shi ne abin gani, kuma yana nan.

A gindin matakala ku tsaya sai an ce ku hau. In kun ga an ɗaura ganye ko ƙyalle a bakin matakala, alama ce ta pemali, wato gidan yana cikin wani hani, galibi saboda rasuwa, kuma baƙo ba ya shiga. Ku cire takalmi. A fara kai ku wurin tuai rumah. Gaisuwa ita ce nama berita, amsarta berita manah. Dattijo ku ce masa apai, dattijuwa indai, tsoho tukuf aki, tsohuwa ini. In za ku wuce ta gaban mutanen da ke zaune a tabarma, ku rusuna ku miƙa hannu gaba, kada ku tsallake ƙafar kowa. Duk wannan tarbiyyar gidanmu ce, ba sabon abu. Ba a shiga bilek sai an kira ku, ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini. Akwai kuma hani ɗaya da ba mu da irinsa: ba a yi wa dabba dariya ko a mayar da ita abin wasa, domin a al'adarsu hakan yana jawo hadari da masifa a kan gida. Karnuka da kaji suna yawo ko'ina, ku bar su su wuce.

Ga amfanin sanin yawan ƙofofi. Tsaraba a hannun tuai rumah ake ba da ita, shi kuma ya raba wa kowace ƙofa daidai wa daida a gaban jama'a. In ƙofa 20 ce, ku kawo abin da zai kasu 20: ƙullin sukari, gishiri, biskit, littattafan rubutu da fensir na yara. Mu mun ƙara da hula ɗaya ta gida don shi kansa mai gidan, kuma ita ce ta fi jawo hira.

Maganar ci da sha

Nan ne Musulmi ya fi jin ɗar-ɗar, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin Iban Kiristoci ne, wasu suna haɗawa da al'adun kakanni. Suna kiwon alade, kuma tarbar baƙo a wurinsu da tuak ake yi, giyar shinkafa. Amma sun yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da Malay Musulmi, sun san abin da ba mu ci. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a kawar da kai ko a yamutsa fuska. Suna da wata aƙida, puni: wanda aka miƙa wa abinci ya ƙi ko taɓawa, ya bar kansa a buɗe ga tsautsayi. Saboda haka hanyar ƙi cikin ladabi ita ce ka taɓa gefen kofin ko kwanon da yatsun dama, ka yi godiya. Ka ce aku enda ngirup, wato ba na sha. Za a kawo maka shayi, magana ta ƙare.

Nama kuwa, shawarata ku sayi kaza mai rai a gidan, maigida ya yanka da hannunsa, a yi muku pansoh. Ana saro ɗanyen gora a lokacin, a zuba naman a ciki da citta da kayan ƙamshi, a toshe bakin da ganyen rogo, a jingina a gefen wuta. Gorar ita ce tukunya, sabuwa ce, ba a taɓa dafa komai a cikinta ba, kun ga shakku ya kau. Idan aka buɗe, romon da ke fitowa yana da ƙamshin hayaƙi da ɗanyen itace. Haka ake yi wa kifin kogi da shinkafa. Ku ɗanɗana midin, wani ganyen daji mai lanƙwasasshen kai da ake soyawa sama-sama. Abin da aka ce muku kasam ne, wato naman da aka tsima, ku tambaya na mene ne.

Wasu gidajen suna yin miring don tarbar baƙi, wato ajiye hadaya ga iskoki da kakanni, ana kaɗa zakara a kai. Ku gaya wa ɗan jagora tun farko cewa za ku zauna gefe ba za ku sa hannu ba. Lokacin salla ku nemi wuri a cikin bilek, za a share muku.

Daren ruai

Bayan cin abinci ake fito da tagulla: jerin ƙananan kuge da ake kira engkerumong, da babba, tawak, da ganga. Rawar ita ce ngajat. Namiji yana yin ta da garkuwa da takobi da gashin tsuntsu a ka, yana kwaikwayon kenyalang, babban ɗan'uwan cilakowa da suke girmamawa. Mace tana yi a hankali, da hannuwa. A kafaɗun tsofaffi za ku ga jarfa mai siffar fure, bungai terung, wadda saurayi ke yi kafin ya tafi bejalai, fita neman arziki da sanin duniya. Da na ce musu mu ma muna da cin rani, hirar ta kai tsakar dare. A wasu tsofaffin gidaje akwai ƙoƙunan kai rataye a ruai, na zamanin yaƙe-yaƙe da ya wuce. Kada ku taɓa, kada ku yi raha a kai.

Uwargida kuwa ta nemi masu saƙar pua kumbu, a nan za ta fi daɗewa. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai gane rabin aikin: ɗauri ne da rini. Bambancin shi ne su zaren suke ɗaurewa kafin a saƙa. Ana shimfiɗa zaren tsaye a kan firam, a ƙulle wuraren da ba a so rini ya kama, a tsoma, a kwance wasu, a sake ƙullewa, a sake tsomawa. Ja daga saiwar itacen engkudu, shuɗi daga tarum, wanda shi ne baban rininsu. Zanen duk yana cikin kan mai saƙar, kuma ba ya bayyana sosai sai an gama. Babban mayafi yana cin watanni. Aikin mata ne, kuma gwanar saƙa tana da daraja irin ta jarumi. In za ku saya, ku saya daga hannun wadda ta yi, kada ku taya da rainin wayo. Wanda kuka ga an ajiye na gado ne, kada ku matsa a sayar muku.

Kwana ko dai a ruai ne kan katifa da gidan sauro, ko a ɗakin baƙi da aka gina a gefe. Ma'aurata su nemi na biyun, ko su roƙi a ba uwargida wuri a bilek tare da matan gida. Wanka a rafi da zani ɗaure ake yi, a inda matan suka nuna kawai. Zakaru suna fara cara tun kafin asuba, a ƙarƙashin daɓen da kuke kwance.

Komowa

Da safe ku bi mai gida gona in ya gayyace ku, ku ga masoro a kan sandunansa da itatuwan roba, sannan ku bi ƙofa ƙofa ku yi sallama. Terima kasih ita ce godiya. Tukuicin masu tuƙa kwale-kwale a hannunsu ake ba su. Daga mashigar jirgi zuwa Kuching ku ware awa 5 har da tsayawa, kuma kada ku sayi tikitin jirgin sama na yammacin ranar, domin ruwan sama ɗaya a saman kogi yana iya riƙe ku rabin yini. A Lachau ku sayi masoron tsaraba, fari da baƙi. Hotunan da kuka ɗauka ku wanke su a Kuching, ku rubuta sunan gidan a bayan ambulan, ku ba ɗan jagoran ya kai musu a zuwansa na gaba. Wanda zazzaɓi ya kama cikin makonni biyu zuwa uku bayan dawowa ya je asibiti da wuri, ya gaya wa likita cewa ya kwana a dajin Sarawak.